Batulu da Faƙon Aro

A Garin Bakari, ƙauyen da ke gefen hanyar Gidan Sori, idan aka ce wa mutum "yi haƙuri", to ya je ya leƙa rumbunsa, don an riga an ɗauke masa wani abu. Wanda ya taka ka shi zai fara faɗa maka, maƙwabta su karɓa, liman ya rufe da addu'a, kowa ya kaɗe rigarsa ya tafi gida. Batulu matar marigayi Labo ta sha wannan magana har ta ƙoshi, kuma yawancin masu faɗa mata ba su taɓa jure ko cizon cinnaka ba.

A Sae Sabuwa aka haife ta, gidan manoma. Tun tana ƙarama zuciyarta a kusa take. Ta taɓa fasa ƙwarya a kan wani saurayi da ya ture tulunta a bakin rijiya, daga ranar aka laƙaba mata Barkono, sunan kuma ya biyo ta har gidan miji. Labo mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, ita ta gan shi a kasuwar Tibiri ta ce ya yi mata, mutane suka ce Allah ya haɗa wuta da abin kashe ta. Sun haifi 'ya'ya, amma mace ɗaya ce ta rayu, Saliha.

Abin da Batulu ta nema bayan aure shi ne gamana, 'yar gonar da miji kan yanka wa matarsa ta noma abin kanta. Labo ba shi da inda zai yanka, gonar da ya gada ko gidansa ba ta ciyarwa har bazara. Ƙanensa Chindo shi ya ci babban rabo, gona mai kyau a gangare, da wani faƙo a samanta, ƙasa mai tauri da fartanya ke tsalle in an sara. An haifi Chindo da yatsa shida, tsofaffi suka ce alamar arziki ce, daga baya aka gane na shidan na ɗaukar kayan mutane ne. A lokacin yana haɗa kaya zai tafi fatauci Jibiya, sai ya yi mata dariya irin ta ƙanen miji.

"Yaya Batulu, in gona kike so, ga hwaƙon can, na ba ki aro. Ko akuya ba ta tsayawa bisa nai. In kinka samu abin kunu ki aiko min."

Aron gona a ƙasar nan yana da ƙa'ida biyu, kowa ya san su. Mai aro ba ya dasa itace, don dasa itace kafa ƙafa ne, kamar ka ce wurin naka ne. Kuma kowace kaka zai ɗauki dami ɗaya ya kai gidan mai gona, ko damina ta yi ko ba ta yi ba, don shaida cewa ƙasar ba tasa ba ce. Batulu ta karɓa a kan haka. Shekarun farko faƙon ya wulaƙanta ta, ta shuka ruwa ya kwashe irin, ta sake shukawa iska ta binne. Damin da take kaiwa gidan Chindo wani lokaci daga rumbun Labo take ciro shi.

Ana cikin haka wata baƙuwa ta zo da furoje, wato shirin gyaran daji, 'yar ƙasar Japon, siririya a kan ƙaramin babur. Ran Talata ta fara shigowa garin, mata suka raɗa mata suna Tala. Ta iske Batulu lokacin sassabe, tana sare tohon sabara da kalgo da ke fitowa daga tsofaffin kututture, tana tarawa za ta cinna wuta kamar yadda kowa ke yi, tana kuma zagin faƙon da mai faƙon da kakan mai faƙon. Tala ta tsaya har zagin ya ƙare. Sannan ta tsuguna gaban wani kututturen gawo, ta nuna mata da Hausarta mai ɗingishi cewa saiwar tana da rai a ƙasa tun zamanin da aka share daji don gyaɗa. In aka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka yanke sauran, aka riƙa gyara su kowace shekara, itace za su zama.

"Shekara nawa?" in ji Batulu.

"Da yawa. Sai haƙuri."

Batulu ta jefar da adda. Har baƙuwar da ta ƙetare teku ta koyi maganar Garin Bakari! Ta wanke ta tas, ta ce in haƙuri ta zo sayarwa ta koma da shi, garin nan ya yi musu yawa har suna zubar wa kaji. Tala ba ta tashi ba, ta ja numfashi a hankali. Da ta buɗe baki sai ta ce ba irin wannan take nufi ba. A gidansu, in ji ta, kakarta tana bin koyarwar wani malami na zamanin da, Buda, kuma a koyarwar nan haƙuri ba abin da wani zai ɗora maka ba ne don ka rufe baki. Abu ne da mutum ke rainonsa da kansa, tare da ƙoƙari da hikima, in ɗaya ya rasa sauran ya lalace. Ƙoƙarin ma an ce iri huɗu ne a cikin zuciya: mugun abu da bai fito ba kada a bar shi ya fito, wanda ya fito a cire shi, abin kirki da bai fito ba a jawo shi, wanda ya fito a kula da shi har ya girma.

"To ai wanga noma na," in ji Batulu. "Malamin naku manomi na? Ni dai Annabina ya ishe ni."

Tala ta yi dariya ta ce ba salla ta zo canza mata ba. Ta ƙara da abu ɗaya: in fushi ya taso, kada ta haɗiye shi, kada kuma ta miƙa masa adda, ta tsaya ta dube shi yadda za ta dubi kututture, ta ga wane toho ne abin bari. Damina biyu Tala ta yi a ƙasar ta koma gida, ba a sake jin labarinta ba. Batulu ba ta taɓa cewa maganar ta shige ta ba, amma ranar ba ta cinna wutar ba.

Daga nan aikin ya soma, kuma wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Ta bi faƙon kututture bayan kututture, tana zaɓa tana yankewa, tana ɗaura tsumma a tohon da ta bari don a san yana da mai shi. Ta haƙa ramuka da rani lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, ta ɗebo taki a ka ta zuba. Matan gari suka riƙa karya mata tohon suna hura wuta da shi, maza suna wucewa a amalanken jaki suna cewa Barkono ta haukace, tana noman daji. Ta yi faɗa, ta yi zagi, ba a ce ta zama waliyyiya ba. Amma wata rana ta kama wani Bafulatani a kan ƙaramin gawonta yana sassabe wa awakinsa rassa, ta ɗaga sanda, sai ta tsaya da ita a sama tana huci. Da ta sauke, ciniki ta yi da shi: ya bar rassan, in gawo ya fara zubar da 'ya'ya dabbobinsa su ci, shi kuma ya riƙa kwantar da garkensa a gonar bayan kaka. Daga shekarar ba ta ƙara ɗaukar taki a ka ba.

Sannu a hankali faƙon ya yi laushi. Gawo ya tashi, aduwa da magarya suka tashi, ganye ya zuba ya ruɓe, ruwan sama ya daina gudu ya fara zama. Geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi tsawon mutum. Da abin gonar ta aurar da Saliha, da shi ta yi jinyar Labo har Allah ya karɓi abinsa. Matan da suka karya mata toho su suka dawo roƙon rassan da take gyarawa, ta ba su, tana faɗa musu magana a kai. Kuma kowace kaka, shekara ashirin da wani abu, tana ɗaukar dami mafi kyau ta kai gidan Chindo, ko yana nan ko ba ya nan, a gaban idon gari.

Shekarar da aka rufe iyaka fataucin Chindo ya karye, ya dawo gida da tumbi da jaka ɗaya. Ya zagaya ya ga gonarsa ta gangare, ya ɗaga kai ya ga kurmi a inda ya bar faƙo. Bai ko iya zuwa ya dubi idonta ba, gaban maigari ya kai ƙara, wai matar wansa ta dasa itace a gonar aro don ta cinye masa gado.

Aka taru a ƙofar maigari da hantsi. Batulu ta zo da Saliha, ta durƙusa gefe inda mata ke durƙusawa.

"Ranka shi daɗe, ko icce guda ban dasa ba," in ji ta. "Saiwa ta tun ta kakanninsu, tana nan cikin ƙasa. Uban Chindo ya sare, Chindo ya ƙona, ni na bari ta hito. A tona a gani in akwai wanda anka dasa."

Maigari ya shafa gemu ya dubi dattawa. "Kun ji, ta ce ba ta dasa ba. To in ba ki dasa ba, Batulu, icce na ƙasa na, ƙasa kuwa ta Chindo ta. In kuma kin dasa, kin karya ƙa'idar aro. Wanne kinka zaɓa?"

Gaba kura, baya sayaki. Sai wani dattijo ya tuna wa jama'a da damin, ya ce ai ita da kanta take kaiwa kowace shekara, duk gari shaida ne. Gaskiyarta ita aka ɗauko aka ɗaure ta da ita. Da ta yi irin ta marasa kunya ta daina kai damin tun shekarun da Chindo ya manta da hanyar gida, da yau ana ta gardama a kan mai gonar. A cikin mazan da ke zaune babu wanda bai taɓa shan inuwar gawon nan ba, babu wanda matarsa ba ta dafa tuwo da rassansa ba, kuma babu wanda ya buɗe baki. Maigari ya yanke cewa ta cire amfanin bana ta bar gona. Sannan aka shiga jerawa ɗaya bayan ɗaya: ki yi haƙuri, Batulu, kayan aro ba ya rufe katara, mahaƙurci mawadaci. Har Chindo, don tsabar rashin ta ido, ya ce, "Yaya, sai haƙuri."

Washegari da sassafe ta ɗauki gatarin Labo. Saliha ta biyo ta har bakin ƙofa tana cewa, "Inna, don Allah mi za ki yi?" Batulu ta wuce abinta. Abin da za ta yi a fili yake, faƙo aka ba ta, faƙo za ta mayar, kuma babu ƙa'idar da ta ce a mayar da aro da riba. Ta nufi babban gawon da ke tsakiyar gona, wanda ya fito daga kututturen da Tala ta tsuguna a gabansa. Ta ɗaga gatarin ta sara, ɓawo ya tashi, farin jikin itacen ya bayyana. Ta sake ɗagawa, ƙirjinta kamar an zuba garwashi.

A nan ta tsaya, gatari a sama, kamar ranar Bafulatanin. Ta dubi fushin. Akwai na ƙwacen da aka yi mata, wannan gaskiya ne, ko gaban Allah za ta maimaita shi. Akwai na mazan da suka yi shiru, shi ma gaskiya ne. Sai kuma wani can ƙasa, mai son Chindo ya zo ya ga kango ya yi kuka ko da kuwa ita ce za ta kashe abin da ta raina da hannunta, kuma wannan shi ya riƙe gatarin. Ta sauke hannu. Ta ɗebi jar ƙasa ta tofa mata yawu ta shafe saran, ta zauna a gindin gawon ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar mutuwar Labo. Da ta tashi fushinta na nan yadda yake, sai dai ta koma gida da gatarin a kafaɗa.

Abin da ta kasa yi, Chindo ya yi shi ba tare da hannunsa ya yi rawa ba. Shekara ta farko ya ci geron da ƙasarta ta ba shi, yana yawo yana cewa gonar ubansa albarka gare ta. Da rani ya yi, ya kira masu sayen itace daga Maraɗi. Aduwa ta fara tafiya, magarya ta bi, sannan gawo ɗaya bayan ɗaya, amalanke na wucewa ta ƙofar gidan Batulu da su. Ya kori Fulani ya ce suna tattake masa gona. Ranar da aka kayar da babban gawon duk gari an ji faɗuwarsa, Batulu tana daka a tsakar gida, ba ta tsayar da taɓarya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita kuwa ta koma ƙwadago a gonakin mutane da tsufanta, tana tsinkar wake ana biyan ta da kwano.

Kafin a je ko'ina ƙasar ta koma gidan jiya. Damina ta uku aka yi ruwa mai ƙarfi, ya sauka a kan faƙon bai sami abin da zai riƙe shi ba, ya gangara da gudu ya tsaga gonar Chindo ta ƙasa gida biyu, ya kwashe gero ya bar rami mai zurfin mutum. Kowane ruwa ramin ƙara faɗi yake. Sai ga Chindo da sallama a ƙofar Batulu, yana murza hula.

"Yaya, na ga zaman da kike yi ba daɗi. Zumunci ya hi komi. Ki koma gonarki ki ci gaba, aro kamar da."

Kamar da! Wato ta sake ba shi sauran ƙarfinta, ta tare masa ruwa, in itace ya girma ya dawo da yatsansa na shida. Saliha da ta zo ganin gida ta miƙe za ta yi magana, Batulu ta riƙe mata zane. Ta ja numfashi a hankali har Chindo ya fara duban ƙofa.

"Aro na gama shi, Chindo. In kana son a tare maka ruwa, ka tahi gaban maigari da liman da mutanen da sunka zauna ran nan, ka ce ka ba ni hwaƙon kyauta, ni da ɗiyata da ɗiyan ɗiyata, ba dami, ba komi. In ba haka ba, ruwa shi ci gonarka har shi kai ɗakinka."

Ya tafi yana gunaguni, ya ce tsohuwa ta yi girman kai. Aka sake ruwa biyu, ramin ya cinye masa kunyoyin gero goma sha wani abu, ya dawo. Aka taru a ƙofar maigari, mutanen nan dai na ranar farko, Chindo ya faɗi maganar da bakinsa. Abin takaici, sai wurin ya ɗauki kabbara. Liman ya sa wa Chindo albarka a kan kyautar da ya yi wa matar wansa, dattawa suka ce irin wannan zumunci ya yi ƙaranci a zamanin nan. Mutum ya ƙwace kurmi ya sayar, ya mayar da kango don ya ceci gonarsa, shi ne mai kyauta. Wani ma ya juyo ya ce wa Batulu, "Kin gani ko? Mai haƙuri shi ka dahwa dutse." Ta dube shi har ya sunkuyar da kai.

Yanzu ta haura sittin, gwiwa ta fara ƙi, ido ɗaya ya yi hazo. Ta san lissafin da kowa ya sani, gawo ba ya yin inuwa a shekarun da suka rage mata. Ba ta yafe wa Chindo ba, in an tambaye ta takan ce wannan tohon bai fito ba tukuna, kuma ba za ta yi ƙaryar ya fito ba. Amma washegarin taron ta ɗauki 'yar wuƙarta da tsummoki ta hau faƙon. Kututturen babban gawon yana nan, baƙi, da faɗin faifai, kuma a gefensa toho ya fito cunkus, sirara masu ƙaya. Ta durƙusa da ƙyar, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓi biyu, ta yanke sauran.

Wani mai amalanke da ke wucewa ya tsayar da jakinsa ya ɗaga murya. "Sannu da haƙuri, Inna Batulu!"

Ba ta ɗago ba, tana ɗaura tsumma a tohon da ta bari.

"Kauce min da jakinka," in ji ta. "Akwai wani ƙarami nan gaban ƙahwarshi."